Fentin fuloraid ko man madara? Amsa ga Maman Ilham

Maman Ilham, tsakanin fentin fuloraid (sinadarin ƙarfafa haƙori) da ake shafawa a asibiti da man CPP-ACP, wato man madara, da kika gani a Instagram saboda farin tabon haƙoran Ilham, ni dai kai ta asibiti kawai.

Autana yana ɗan shekara 4 na lura da fari-fari kamar alli a gindin haƙoransa na sama, daf da dasashi. Likitan haƙori ya ce ba rami ba ne tukuna, ɓawon haƙorin ne ya fara zubar da sinadaransa na kalsiyam da fosfet. A wurinsa na fahimci aikin miyau. Ashe miyau na ɗauke da waɗannan sinadaran guda biyu, kullum yana mayar wa haƙori abin da tsami ya lashe. Da yaro ya sha zaƙi, ƙwayoyin cutar baki sai su mai da shi asid, ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 5.5, ɓawo ya fara narkewa. Miyau na buƙatar kamar minti 30 zuwa awa guda kafin ya daidaita bakin. To nawa daga alawa sai biskit sai lemon kwali tun safe har magariba, yaushe miyau zai samu sarari? Ga shi da dare miyau raguwa yake, ni kuma ina ba shi shayi mai sukari ya kwanta da shi.

Fentin fuloraid da likita ya yi masa ko minti 5 bai ɗauka ba. Ɗan buroshi aka sa aka shafa masa, yaro na ta dariya wai ƙanshin cingam. Ƙarfinsa 22,600 ppm ne (ma'aunin yawan fuloraid), makilin ɗinmu na manya kuwa wajen 1,450. Aka ce mu koma bayan wata 6. Tabon bai ɓace tas ba, amma ya yi santsi ya tsaya cak har haƙoran suka faɗi da kansu.

Man madaran kuwa na taɓa saya da tsada, rabi muka yi amfani da shi ya lalace a durowa. Yana ɗan taimakawa a matsayin ƙari, kuma daga furotin madarar shanu ake yin sa, yaron da jikinsa ba ya karɓar madara kada ya kusance shi.

Ki yi hattara da masu tallar "yana cike ramin haƙori cikin sati 2". Ƙarya ce, rami idan ya buɗe sai ciko. Wasu ma kankare ranar lalacewa suke yi, ki duba ta da lambar NAFDAC da idonki.

A gida ki samo makilin mai aƙalla 1,000 ppm. Ƙasa da shekara 3 kwatankwacin ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama, safe da dare, ta tofar kada ta kuskure da ruwa. Ki faɗa wa likita idan ruwan burtsatse kuke sha, don yawan fuloraid a ruwa shi ma yana kawo farin tabo, kuma wannan maganinsa daban ne.