Ɗaukar hoton ƙwari da furanni daga kusa: wane kaya ya cancanci kuɗinka?

Mai son ɗaukar hoton ƙudan zuma a kan furen zogale, ko raɓa a bakin ganyen kuɓewa, tambayarsa ta farko takan zama: wane kaya ne ya fi ƙara wa abu girma a hoto? Tambayar da ta fi amfani ita ce: taku nawa zai bar maka tsakaninka da ƙwaron? Ƙara girma yana da arha. Tazara da haske su ne ake biya.

A fara da wayar hannunka. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa suna da kyamarar "makro", wato ta ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, mai megafiksel 2, wadda sai ka kai ta kusan santimita 4 kafin hoto ya fito. A ganina ado ce kawai. Gara ka ɗauka da babbar kyamarar ka yanke hoton. Manyan wayoyi sun fi, kamar iPhone 13 Pro ta 2021 da ke kama abu daga santimita 2. Sai dai a wannan kusanci inuwar wayar ce ke rufe abin, mazari kuwa ya daɗe da tashi. Gilashin maƙalawa da ake sayarwa a kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano ya isa gwaji: tsakiyar hoto tas, gefe dishi-dishi. Ga ganye, ƙwayar gero da saƙar tabarma, ba laifi.

Idan kana da kyamara mai sauya gilashi, hanya uku ce a gabanka.

Bututun ƙari zobe ne fanko da ke shiga tsakanin kyamara da gilashi. Na Kenko yana zuwa uku-uku: milimita 12, 20 da 36. Lissafinsa mai sauƙi ne: ka ƙara tsawon milimita 50 a bayan gilashi mai milimita 50 (lambar nisan hange da ke rubuce a jikinsa), ka kai wajen 1:1, wato tururuwa ta sauka a kan sensa, farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, da ainihin girmanta. Kada arha ta ja ka ga wanda ba shi da ƙarafunan lantarki a jiki. A gilasan Canon EF, alal misali, ba za ka iya tsuke ƙofar haske ba sam. Babban aibinsa a wajenmu shi ne cirewa da mayarwa. A hunturu, duk buɗe cikin kyamara gayyatar ƙura ce, kuma a f/16, wato in an tsuke ƙofar haske sosai, kowane ɗigo sai ya bayyana a hoto.

Shi ya sa na fi karkata ga gilashin da ake maƙalawa a gaba, musamman Raynox DCR-250. Yana kama bakin gilashi mai faɗin milimita 52 zuwa 67, ba ka buɗe komai, kuma yana ba ka tazarar kusan santimita 12. A kan gilashi mai nisan hange na milimita 125 ya kai 1:1, a kan mai 200 ya zarce. Ɗan'uwansa DCR-150 bai kai shi ƙarfi ba, amma tazararsa ta haura santimita 20, kuma sabon shiga zai fi jin daɗinsa. Irin gilasan maƙalawa masu ɓawon gilashi ɗaya tak da ake haɗawa huɗu a jaka kuwa, sukan bar shuɗi-shuɗi da ja-ja a gefen abu. A bar su.

Sai gilashin makro na ainihi. Tamron 90, Canon 100 da Nikon 105 duk suna kai 1:1 da tazarar wajen santimita 14, kuma suna ɗaukar hoton mutum da kyau, don haka mai zuwa biki zai iya mayar da kuɗinsa. Ƙaramin Nikon mai milimita 40 ya fi arha, amma tazararsa ba ta wuce santimita 5 ba. Na fure ne, ba na ƙoƙi-ƙoƙi ba. Laowa 100 yana ninka girman abu sau biyu, sai dai da hannu ake saita shi. In gilashin da aka riga aka yi amfani da shi za ka saya, haska tocila ta cikinsa: ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce, ajiye musu kayansu.

Duk wanda ka zaɓa, ware kuɗin haske. A 1:1 da f/8, abin da ke fitowa tas bai wuce kaurin milimita ɗaya ba. Ido ya fito, fuka-fuki ya ɓace. Dole ka tsuke zuwa f/11 ko f/16, haske kuma ya ragu. Ƙaramar fitilar filasha irin ta Godox, da farar takarda a gabanta don tausasa hasken, ta fi ƙafar kyamara amfani, tunda ƙwaro ba ya jiran ka kafa ƙafa uku. Mai Raynox da filasha zai riga mai gilashin makro tsirara samun hoton kirki, kuma kuɗin da ya kashe bai kai nasa ba.