Yaya, Kada a Ba 'Yan Jari-Bola Akwatin Faifan Nan

Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kai da iyali da su Inna kuna nan lafiya, ya kuma fama da kasuwa. Mu nan Birmingham sai godiya, hunturu ne dai ya kawo jiki, kafin ƙarfe 5 na yamma gari ya yi duhu.

Na ji saƙonka cewa za a gyara ɗakin marigayi Baba, kuma ana shawarar a sallama wa 'yan jari-bola akwatin faifan garmahonsa da buhun kaset ɗin da ya rage tun zamanin shagonka na Ƙofar Wambai. Don Allah a dakata tukuna. Bari in ba ka labarin abin da idona ya gani a garin nan, in ya so ka yanke hukunci, tunda kai ne ɗan kasuwar, ni ɗan kallo ne.

Akwai wani dattijon Bature da muke katanga ɗaya, ya haura shekara 70, tsohon ma'aikacin kamfanin ƙera mota ne. Gashinsa fari fat har kafaɗa, kuma tunda na san shi ban taɓa ganinsa da riga wadda ba baƙa ba. Sanadin sabonmu faɗa na je yi. Na dawo daga aikin dare ina neman barci, sai ga wani rugugin jita da ganga yana ratso bango kamar ana sauke tipar dutse. Na buga masa ƙofa raina a ɓace. Ya ba ni haƙuri, ya rage sauti, sannan ya ce in shigo in ga abin da ya hana ni barci. Yaya, bango guda ne tun daga ƙasa har rufi, faifai jere a tsaye kamar littattafai a zauren malami, kowanne cikin kwalinsa, kwalin kuma cikin leda. Kiɗan rok ne na shekarun 1960 da 1970. Ya zaro ɗaya da hannu biyu, yatsunsa a gefe-gefe don kada su taɓa tsakiya, ya goge shi da wani burushi mai laushi kafin ya ɗora allura. Ko jaririn da aka haifa jiya ba a yi masa wannan lallaɓawar.

Shi ya fara kai ni shagon faifai. Ka san yadda cinikinmu yake: ka faɗi kuɗi, a taya, ka ce albarka, a yi kamar za a tafi, ka kira. Nan babu wannan. Kowane faifai da farashinsa a manne, kuma a ƙarƙashin farashin an rubuta matsayin lafiyarsa, daga wanda yake sabo dal ba a taɓa ɗora masa allura ba, zuwa mai kyau ƙwarai, zuwa wanda ya sha jiki. Kwalin ma da nasa makin daban. In da ƙarzuwa a jiki, mai shago da kansa zai ɗaga shi saitin fitila ya nuna maka, ya ce ka je kusurwa ka ɗora a na'ura ka saurara kafin ka biya. Na tuna yadda kake gwada wa mai saye kaset a rikoda, sai dai mu farkon kaset kawai muke sa masa, ba ma bari a kai inda zaren ya taɓa tsinkewa aka ɗaure shi da jan farce. Allah Ya yafe mana.

Sabon babban faifai, mai juyi 33 a minti, yana kai fam 25 zuwa 30, kai kuma ka san fam ɗaya yana neman naira dubu 2. Ƙaramin, mai juyi 45, waƙa ɗaya a kowace fuska, ana samun na gwanjo fam 1 ko 2 a shagunan ƙungiyoyin agaji, inda ake kai kayan mamata. Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne tsoho yana iya fin sabo tsada nesa ba kusa ba. In bugun farko ne, wato wanda ya fito a ainihin shekarar da aka yi waƙar, sai ka ga an maƙala shi a bango bayan kanta, kuɗinsa ya fi na hayar ɗakina na mako. Suna gane shi ta wasu ƙananan lambobi da aka zana kusa da ramin tsakiya. Na ga dattawa biyu sun kusa rabin awa suna musu a kan launin tambarin da ke tsakiyar faifai, kai ka ce dillalan Wudil ne ke duba haƙoran sa. Kowace shekara a watan Afrilu ma akwai ranar Asabar da aka ware wa shagunan faifai, mutane na bin layi tun kafin asuba cikin sanyi. Da tsohuwar zuma ake magani, su kam sun riƙe wannan da gaske.

Garin da kansa cin abinci yake yi da tsofaffin mawaƙansa. A unguwar Aston aka kafa ƙungiyar Black Sabbath a 1968, yara huɗu 'ya'yan talakawa. Mai jitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 injin yanka ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu, a ranarsa ta ƙarshe a masana'antar. Sai ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya sassauta tsirkiyar jitar don kada ta yi masa ciwo, daga nan sautin ya yi kauri da nauyi, wai har aka samu sabon salon kiɗa. Da a Kano ne sai mu ce dabarar 'yan ƙira ce. Yanzu akwai gada da benci masu sunan ƙungiyar a titin Broad, ga wani ƙaton bijimi na ƙarfe a tashar jirgin ƙasa ta New Street da aka raɗa wa Ozzy, sunan mawaƙinsu. Ranar 5 ga Yuli 2025 suka yi wasan bankwana a filin ƙwallon Aston Villa, mutum wajen dubu 40, shi Ozzy Osbourne yana zaune a kujera don ciwo ya hana shi tsayuwa. Ranar 22 ga watan ya mutu. Da aka ratsa da gawarsa ta titin Broad, maƙwabcin nan nawa ya je ya tsaya tun safe, ya dawo ido jawur. Ni dai hotunan ƙoƙon kai da jemagu da suke sawa a riguna ba su kwanta mini ba, na kuma gaya masa. Ya yi dariya ya ce ai wasan kwaikwayo ne, kamar fim ɗin ban tsoro.

Ga wanda ya fi shafar sana'arka. Suna da wani rukuni na mawaƙa da ake yi wa laƙabi da masu waƙa ɗaya tilo: mutum ya yi waƙa guda ta game duniya, daga nan ko ya yi ɗari babu mai waiwaya. Na ɗauka abin tausayi ne, irin yaran da kan tashe shekara guda a gidajen biki sannan ka gan su suna jan Adaidaita. Maƙwabcina ya sa mini wani ƙaramin faifai na wani Ba'amurke, Norman Greenbaum, mai suna Spirit in the Sky, na 1969. Ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila a 1970, shi kuwa daga baya ya koma kiwo a California. Sai ga shi wasu sun sake rera ta a 1986 ta sake hawa na ɗaya, wasu kuma a 2003 haka. Ga finafinai da tallace-tallace da suke ta sa ta. Kuma duk inda aka sa, sai an biya wanda ya rubuta.

Yadda abin yake, akwai ƙungiyoyi biyu, PRS da aka kafa tun 1914 mai karɓar kuɗin marubuta waƙa, da PPL ta 1934 mai karɓar na waɗanda suka rera da kamfanin da ya buga. Gidan rediyo yana biya, gidan abinci yana biya, hatta mai askin da nake zuwa wurinsa sai da ya yanki lasisin shekara saboda rediyon da yake kunnawa a shago. Haƙƙin marubuci kuma ba ya faɗuwa sai shekara 70 bayan mutuwarsa, wato har jikoki sai sun ci. Waƙa ɗaya a nan gona ce. Na zauna ina lissafin sau nawa aka sa Shata a Zaɓi Sonka, da motocin haya, da teburan mai shayi, tun kafin rasuwarsa a 1999 har yau, da waƙoƙi nawa ake durawa a waya a Farm Centre kullum da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Ban faɗi don in zarge ka ba, Yaya, da kuɗin kwafin kaset aka biya mini makaranta.

Wasan da na je da kaina guda ɗaya ne, a wani babban zaure, na wasu tsofaffi da suka yi tashe a shekarun 1970. Tun wata 7 kafin ranar muka sayi tikiti, kuma a nan raina ya fara ɓaci. Layi ake bi a intanet, kana zaune kana kallon lamba tana raguwa. Da na kai ga biya sai ga kuɗin hidima, ga kuɗin zaure, ga kuɗin aiko da tikitin da babu mai aiko shi, tunda a waya yake. Abin da aka ce fam 65 ya tashi kusan 80. Ashe ma mun ci sa'a: a 2024 da aka sayar da tikitin wasan wata ƙungiyar mawaƙa mai suna Oasis, na tsaye da aka sa wajen fam 150 ya haura 350 mutane na kan layi, har hukuma ta shiga maganar. 'Yan bumburutun mai sun ga iyayen gidansu.

Amma a ranar, gaskiya sai dai a sara musu. Na yi magariba da isha a gida muka fita. An rubuta za a buɗe ƙofa ƙarfe 6 da rabi, kuma a minti ɗin aka buɗe. Babu turmutsutsu, babu mai cewa ka san ko ni wane ne. Aka duba jaka, aka haska waya, wata yarinya mai riga ruwan ɗorawa ta nuna mana kujerunmu da tocila. Masu keken guragu an yi musu dandamali nasu a inda za su ga komai, ga ma'aikatan agajin gaggawa a kowace kusurwa. Wuta ba ta ko ƙifta ba, babu ƙarar janareta, babu wani mai riƙe da makirufo yana cewa gwaji, gwaji, har awa guda. Sautin kuwa a ƙirji nake jin sa kafin kunne, har sai da na sa 'yar robar toshe kunne da maƙwabcina ya ba ni. A ciki ba a karɓar tsabar kuɗi sai kati, kuma ruwan roba da nake saye ƙasa da fam 1 a unguwa ya zama fam 3. Rigar da aka buga sunayen garuruwan da za su zaga fam 35, ga layi a kanta kamar ana rabon kyauta. Giya ana shan ta sosai, ni da lemona na zauna, ba wanda ya kalle ni.

Da suka ɗauko wata tsohuwar waƙa, mawaƙin bai ma buɗe baki ba, ya miƙa makirufo ga jama'a, dubban masu furfura suka zama 'yan amshi, babu wanda ya ɓata baiti. Tsigar jikina ta tashi duk da ban san kalma ɗaya ba. Sai dai can na ji wani abu ya yi mini gibi. Hannuna ya kai aljihu da kansa, don a wurinmu in kiɗa ya ratsa ka tashi kake ka je ka yi liƙi, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunanka da na ubanka, mawaƙi ya juyo ya saka ka a waƙar nan take. Nan tsakaninka da mawaƙi akwai shingen ƙarfe da ƙarti masu rediyo a kafaɗa, daga inda nake ma a allo nake ganin fuskarsa. Bai san na zo ba, ba zai kuma sani ba. Suka yi sallama suka shige, aka yi ta tafi da buga ƙafa, suka dawo suka ƙara biyu. Na ce lallai jama'a sun matsa musu, maƙwabcina ya ce a'a, a rubuce yake cikin tsarin tun farko. Kafin ƙarfe 11 an kunna fitilu, kowa ya kama hanyar jirgin ƙarshe.

A jirgin ne ya tambaye ni ko na san Paul McCartney, tsohon mawaƙin ƙungiyar Beatles, ya naɗi wani faifansa a Legas a 1973, a ɗakin naɗar sauti na kamfanin faifai na EMI, kuma Ginger Baker, makaɗin gangar wata ƙungiya mai suna Cream, ya ratso Sahara a mota ya zauna a Legas ya yi aiki da Fela. Na ce na Fela kawai na sani. Na ba shi labarin kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos, kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya tal da ya zaga da shi ƙasashen waje, na ce Babanmu ya bar faifansu a akwati. Mutumin nan ya dafe hannuna ya ce in rantse ba za a zubar ba. Washegari a shago na duba ɓangaren kiɗan Afirka, na tarar da tsofaffin faifan Najeriya na shekarun 1970 a bango bayan kanta, cikin masu tsadar nan. Na Hausa ko ɗaya ban gani ba.

Saboda haka ga roƙona. A fito da akwatin daga ɗakin kafin magina su shiga, a kai shi inda rana ba ta bugawa, don zafi lanƙwasa faifai yake yi. A jera su a tsaye, kada a ɗora wani kan wani, kuma kada yara su goge su da kananzir ko omo, busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Masu nauyin nan na zamanin garmahon wani-da-hannu fashewa suke yi kamar tangaran, a bi su a hankali. Ko kwalin ya yage a bar shi da faifansa. Ka sa babban yaronka ya ɗauki hoton tsakiyar kowanne, inda aka rubuta suna da lamba, ya turo mini ta WhatsApp. Kaset ɗin ma a raba na Hausa daban, musamman waɗanda ka naɗa da kanka a wurin biki da wasan Sallah. Na tura kuɗin sabon akwati da na ɗan aikin yaron ta hannun wanda ya saba kawo muku saƙo.

A gaishe mini da Inna, a ce mata man zafin da ta ce yana nan tafe.

Ƙaninka.