Gilashi mai rufe ido da gilashi mai tare rana: amsa ga Hajiya

Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah Ya sa a buɗe a sa'a. Bari in maimaita tambayarki saboda waɗanda ba su gani ba: kina gyara wani gini a Unguwar Rimi da ke Kaduna za ki mai da shi ƙaramin asibiti. Kina son bangon gilashi tsakanin wurin jira da ɗakin ganin likita, wanda da an danna makunni zai rufe. Akwai kuma wata babbar taga ta yamma da rana ke duka tun daga azahar. Wani ya ce miki gilashi iri ɗaya zai yi miki aikin biyu, wai irin na tagar jirgin sama.

Ba zai yi ba. Abu biyu ne daban aka haɗa miki a baki ɗaya. Na farko yana hana ido gani amma yana barin haske ya wuce. Na biyu yana rage haske da zafi amma ba ya hana ido gani yadda kike so.

Na bangon cikin shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira PDLC. Idan aka miƙo miki samfurinsa, leda ce mai ɗan kauri, fara dishi-dishi, da siririn zaren tagulla a gefe ɗaya inda wayoyi biyu suke fitowa. A zahiri leda biyu ce aka haɗa, cikin kowacce an shafa wani abu mai ɗaukar lantarki da ido ba ya gani, ana ce masa ITO, shi ne dai wanda ke kan fuskar wayarki. Tsakaninsu akwai roba, cikin robar kuma an watsa ɗigo-ɗigo na ruwan kiristal, kowane ɗigo bai wuce 'yan kaso cikin dubu na milimita ba. Shi ruwan kiristal yana gudana kamar kowane ruwa, sai dai ƙwayoyinsa dogaye ne, kuma suna son jeruwa su fuskanci wuri guda. Idan babu wuta, kowane ɗigo inda ya ga dama yake fuskanta. Haske ya shigo, wannan ɗigo ya karkata shi nan, wancan ya karkata shi can, kafin ya fita ya tarwatse. Kamar dai hazon hunturu ne a kan hanyar Zariya: gari ya waye tangaran, amma motar da ke gabanki ba kya ganinta. Da an ba ledar wuta sai ɗigon duka su juya su fuskanci ɓangare ɗaya, kuma an zaɓi robar yadda a wannan jerin haske zai ratsa ta da ɗigon ba tare da ya karkace ba. Nan take gilashi ya zama garau, kafin ki ɗauke yatsa daga makunni.

Ba sabon abu ba ne, a nan ne dai yake sabo. Tun 1888 wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Friedrich Reinitzer, ya lura da wani sinadari da ke narkewa sau biyu, da farko ya zama ruwa mai gurɓi, sai an ƙara wuta ya washe. Daga nan ilimin ya faro. Dabarar kulle ɗigon a cikin roba kuwa a Amurka aka fito da ita: James Fergason a farkon shekarun 1980, sai J. William Doane da abokan aikinsa na Jami'ar Kent State da ke jihar Ohayo, da suka fitar da tasu hanyar a 1986.

Na jirgin sama kuma babu ruwan kiristal a cikinsa ko ɗigo. Wanda ya taɓa shiga Boeing 787, jirgin da ya fara ɗaukar fasinja a 2011, ya san tagarsa ba ta da murfin da ake ja, maɓalli ne a ƙasanta. Irin wannan jirgi ne kamfanin jiragen Habasha ya sauke a filin jirgin Kaduna a watan Maris na 2017, lokacin da aka rufe na Abuja don gyara. Wannan gilashi sinadarin cikinsa ne yake sauya launi idan aka ba shi 'yar wuta, ƙasa da bolt 5. A irin wanda ake sa wa gine-gine, ƙwayoyin litiyom ne ke shiga wani siririn shafe na sinadarin tangistin, sai ya yi shuɗi mai duhu. Ba ya gaggawa. Babbar taga takan ɗauki mintoci kafin ta gama duhu. Zafin rana kam yana tare shi sosai, don aikin da aka yi shi dominsa ke nan. Amma ko ya kai ƙarshen duhunsa, idan dare ya yi aka kunna fitila a ciki, na waje yana hango na ciki. Ki ga ai bai dace da ɗakin da mace za ta kwanta a duba ta ba.

Akwai na uku da ake ce wa SPD, wanda Mercedes ta sa a rufin wasu motocinta. Shi ma duhu yake yi ba fari ba. Ki bar shi kawai.

To yanzu ga inda na fi so ki tsaya, domin masu talla daga ƙasashen da wuta ba ta yankewa ba sa kawo maganar: me gilashin zai yi idan aka ɗauke wuta? PDLC na yau da kullum wuta ce ke buɗe shi, rashinta ke rufe shi. Ana cikin duba mara lafiya aka ɗauke, ko janareto ya shaƙe, gilashi zai yi fari ya rufe. A wurinki wannan alheri ne, asirin mutane a rufe yake ko da wuta ko babu. Akwai wani nau'in da aka juya, wanda ruwan kiristal ɗin ne ya fi yawa, robar kuma siraran zare ne a cikinsa. Shi garau yake idan babu wuta, sai an kunna yake rufewa. A gilashin mota ko wurin da dole a riƙa gani yana da amfani. A ɗakin likita a Kaduna kuwa kada ki yarda a sa miki shi ko kyauta ne. Ki tambayi mai sayarwa baki da baki, ki kuma sa ya zare wayar a gabanki ki gani. Shi kuwa mai sauya launi, idan wuta ta tafi yakan riƙe duhunsa na ɗan lokaci, sannan a hankali ya washe.

Cin wutar PDLC ba abin tsoro ba ne, wajen wat 5 ne kowace murabba'in mita, wato bango mai murabba'in mita 6 bai wuce wat 30 ba, inbata ba za ta ji shi ba. Abin tsoron shi ne irin wutar. Ba a jona shi kai tsaye da soket. Yana da ƙaramar taransifomarsa da ke sauke bolt 230 zuwa wajen 48 ko 65, gwargwadon ƙirar, kuma wuta mai kai-komo yake so, ba miƙaƙƙiya irin ta batiri ba. Idan wani mai wayo ya ce zai ja masa kai tsaye daga batirin sola, ledar zai kashe miki. Ki sa masa sitabilaiza, saboda wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ita ce ke ƙona gefen da tagullar take. Masu ƙera shi kuma sukan ce a riƙa kashe shi na wasu sa'o'i kullum. Ke wannan ba matsalarki ba ce, ai ana tashi aiki.

Aibunsa biyu, gara ki ji daga bakina. Ko a kunne yake, bai kai gilashin banza haske ba. Ki tsaya daidai gabansa, garau; ki koma gefe ki kalle shi a karkace, za ki ga ɗan hazo-hazo, domin daidaiton nan da robar na mai kallo kai tsaye ne. Na biyu, a rufe ma yana nuna inuwa. Ki manna tafin hannunki a bayan samfurin, za ki ƙirga yatsu biyar. Ki ja hannun baya kamu biyu, ya ɓace. Saboda haka gadon duba marasa lafiya kada ya jingina da gilashin, kuma kada fitila ta kasance a bayan gadon tana jefo inuwa.

Saura zaɓi tsakanin ledar da ake liƙawa a kan gilashin da kike da shi, da gilashin da ya zo da ledar a haɗe tsakanin falle biyu tun daga masana'anta. Mai liƙawa ta fi araha, ta fi sauƙin kawowa don a naɗe take zuwa. Amma ƙura abokiyar gabarta ce. Ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga ƙarƙashi, kumfa ce ta zauna har abada, don haka ba aikin da za a yi a watan Disamba ana buga siminti a ɗakin gaba ba ne. Sai an gama fenti, an share, an rufe ƙofofi. Gefenta kuma dole a toshe da silikon marar tsami. Irin mai warin binega da masu aikin alminiyom suka saba da shi yana cin gefen ledar, sai ki ga bakin ya lalace yana shigowa ciki. Tunda asibiti ne, kullum ana goge bango da ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ni na fi natsuwa da haɗaɗɗen gilashin. Sai dai ba a yanka shi bayan ya iso. A fara kafa firem ɗin, a auna da kyau, sannan a yi oda. Dukansu daga waje suke zuwa, galibi daga Sin, kuɗinsu kuma dala yake bi, don haka ki nemi farashin kowace murabba'in mita haɗe da taransifoma da aikin sawa, a rubuce.

Tagar yamma kuwa, kada ki kai PDLC can. Zai watsa hasken ya hana shi kashe ido, amma yawancin zafin zai shigo abinsa, kuma ranar Maris da Afrilu idan ta daɗe tana dukan leda tana sa ta ja launin rawaya. Gilashi mai sauya launi shi ne gwanin wannan wuri, amma tsadarsa da wahalar samun mai gyara a nan sun fi ƙarfin taga ɗaya. Ki je Panteka a ƙera miki rumfa ko ƙarafa masu karya rana a sa ta waje, don zafin da aka tare kafin ya taɓa gilashi ya fi wanda ake kokawa da shi a ciki. Sai a ƙara ledar rage zafi irin wadda ake liƙa wa gilashin mota, da labule mai kauri. Kuɗin da ya ragu ki ƙara a kan bangon cikin, ki kuma ce a haɗo miki da taransifoma ta biyu ki ajiye, don idan ta farko ta ƙone ba lallai a samu irinta a kasuwa nan kusa ba.