Kwaikwayon tukwanen Iberiya a wani shagon Jos: yumɓu ya yi, rubutu da saura

A hanyar Naraguta akwai shagon magina da ke yin kwaikwayon tukwanen Liriya, tsohon garin nan kusa da Balensiya a Sifaniya, inda aka fara haƙa a 1933 aka fito da tukwane masu hoton mayaƙa da mahaya doki da rubutu a wuyansu. Malaman makaranta da masu ado da falo ne suka fi saye.

Ginin babu laifi. Jiki sirara, baki a miƙe, gashi ya kai, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙara tas. Launin ma daidai, jar ƙasa mai duhu a kan fari-fari. Sai dai wasu da fenti aka zana su bayan gashi, alhali na asali kafin a gasa ake zanawa. Goga jiƙaƙƙen tsumma a gindi, in ja ya biyo tsumman, mayar da tukunyar.

Rubutun ne matsalar. Na tukwanen Liriya shi ne tsohon rubutun arewa maso gabashin Iberiya, wato yankin Sifaniya da Fotugal, kuma alamomi 28 ne: wasula 5, baƙaƙe 8, sai 15 da kowacce gaɓa ce guda, kamar ba, te, ko. Wani masani ɗan Sifaniya, Manuel Gómez-Moreno, ya warware karatunsu a shekarun 1920, amma har yau ana furta kalmomin ne ba a san ma'anar yawancinsu ba. Shi ya sa mai kwafa ba shi da ikon gyara komai. A wasu tukwanen shagon rubutun ya juya ya koma daga dama zuwa hagu, alamar an kife takardar kwafi a kan ɗanyen yumɓu. Na Liriya daga hagu yake tafiya. Ɗigo biyu ko uku da ake jerawa a tsaye don raba kalmomi, su ma an zubar da su, wai datti ne a hoto. Akwai kuma ɗan ƙaramin layi da ake ƙara wa alama don bambanta gaɓar “ka” da “ga”, ko “ta” da “da”. Wani wuri an sa, wani wuri an manta.

Hanya mafi sauƙi: je da hoton tukunyar asali a waya, ka nemi kalmar ekiar, wadda take yawan fitowa a tukwanen Liriya, ka gwada alama da alama. In don ado ne, saya. In don aji ne, ka ba maginin zanen da hannunka, ka sa masa kibiya a gefen da rubutun zai fara.