Rumfar Gyaran Rediyo da Ta San Iyafis na Kiristal

Rediyon kiristal da muka haɗa da ɗalibaina ya yi shiru kwana uku. Irin wannan rediyo ba ya cin batir, ɗan ƙarfin da eriya ta kamo daga tashar matsakaicin zango shi kaɗai ke motsa iyafis, don haka zargina ya faɗa kan iyafis ɗin. Wani mai gyaran waya ya ɗora masa mitar gwada lantarki, ya ga allura ba ta motsa ba, ya ce in jefar.

Ban jefar ba. Na kai shi rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato, wanda aikinsa ya sa na ɗauki alƙalami. Da na faɗa masa hukuncin mita, sai ya ce, "Malam, wanga bai mutu ba tukuna." Ya bayyana mini cewa a cikinsa wani siririn faifai ne da ke lanƙwasa idan lantarki ya taɓa shi, kuma wutar mita ba ta ratsa shi ko da lafiyarsa ƙalau, saɓanin iyafis na waya mai om 16 ko 32 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare lantarki), wanda wannan rediyo ba zai iya motsawa ba.

Ya ɗauko batir mai bolt 1.5, ya sa abin a kunnensa, ya goga bakin wayoyin biyu a kai. Lafiyayye yakan ce ƙyas idan an taɓa, amma nawa sai ya yi sau ɗaya ya ɗauke. Daga nan ya riƙa murza wayar da yatsu biyu, sannu a hankali, tun daga ƙarshenta har gindi, yana saurare, har ya gano tsinkewar a daidai inda take shiga jikin robar. Ya yanke wurin, ya liƙa da dalma cikin hanzari, domin zafi mai yawa yana lalata faifan. Ya kuma ba ni resista, wato ɗan abin da ke rage gudun lantarki, mai om 47,000 in haɗa tsakanin wayoyin, saboda murya ta daina shaƙewa.

Inda na ga gazawa shi ne ba ya ajiye sabon iyafis irin wannan, ga kuma jira, domin sai bayan La'asar ya waiwaye ni. Ladansa kuwa bai kai kuɗin kabu-kabun da ya kai ni ba. Duk malamin da ke haɗa irin wannan rediyo da yara, ina ba shi shawara ya nemi tsofaffin masu gyaran rediyo, ya tafi da batir ɗinsa, ya tsaya a gwada a gabansa.