Hattara da "wain ɗin gwanjon kwastam" da ake tallatawa a WhatsApp

Jama'a, tun da Disamba ta kama na ga tallan nan ya sake dawowa a rukunin matan unguwarmu, shi ya sa na ce bari in yi magana kafin wata ta faɗa ramin da na faɗa bara.

Bara a gidanmu aka yi taron dangi na Kirsimeti, nan Kaduna, kuma ni aka ɗora wa sayen abin sha. Lissafin da muka yi da maigida mai sauƙi ne: jan ruwan inabi don manya, mai ruwan hoda don mata tunda ya fi zaƙi, sai marar barasa don yara, da maƙwabtanmu Musulmi da ke shigowa cin shinkafa kowace shekara, da 'yan uwan da cocinsu ya hana sha. Da na je kanti na ga farashi, sai na dawo gida jiki a sanyaye.

A wancan makon ne wata mata ta fara sa hotuna a rukunin: katan-katan a jere har rufin ɗaki, sunayen da kowa ya sani, kuɗin kuwa rabin na kanti. Na tambaye ta dalilin arahar. Ta ce kaya ne da kwastam suka kama a kan iyaka aka yi gwanjonsu, mijinta ke da hanya. "Anti, saura katan goma, in ba ki tura yau ba wallahi gobe babu." Lambar asusun da ta ba ni sunan namiji ne, ta ce na ƙanenta ne. Na san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma na tura kuɗin katan shida gaba ɗaya. Ran 23 ga wata, bayan magariba, wani mai keke ya sauke kayan a ƙofar gida. Babu rasit, bai ma kashe inji ba.

Abin da ya cece mu Yayana ne, wanda ya daɗe yana aiki a otal a Abuja. Ya iso washegari da safe, ya ga katan a falo, ya zaro kwalba ɗaya ya juya ta a hannu, ya ce, "Ƙanwata, a ina kika samo wannan?" Bai jira amsa ba, ya sa yara suka jera kwalabe goma sha biyu a kan tebur, ya ce in durƙusa in duba wuyansu. Wata ruwan ya kai har kusa da murfi, wata ya tsaya a kafaɗa. Ya ce injin masana'anta ba ya haka, hannu ne da mazurari. Masu ruwan hodar kuma da muka ɗaga su a hasken taga, kowace da irin launinta, wata kamar an tsarma sobo da ruwa, wata ta fi kusa da lemo. Ya murɗa murfin ɗaya, babu ƙarar nan ta "ƙas" da zoben ƙasa ke yi idan ya rabu da murfi, domin an riga an raba su an mayar da gam. Takardar jikin kwalbar ta yi tattara, ga busasshen gam a gefenta, wurin lambar rukunin kaya kuma an kankare.

Sai ya ce in kawo kanwa. Ya zuba jan kaɗan a farin faranti, ya ɗiga ruwan kanwa. Launin jan ruwan inabi daga ɓawon inabin yake fitowa, kuma irin wannan launi na tsiro yakan juye ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka idan ya haɗu da kanwa, kamar dai yadda sobo ke yi. Namu ko gezau, ja wur yake kamar jan alawa. Kala ce ta kasuwa. Amma kada wani ya riƙe wannan gwaji a matsayin hujja: in mai jabun da sobo ya rina nasa, zai juye kamar na gaske, kuma kanwa ba ta nuna guba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne marar barasar. Muna buɗewa wari ya bugo mu, tsami-tsami da ƙaurin giya. Ko an zuba ne, ko ruwan sukarin ne ya ruɓe a cikin kwalba, oho. Ni dai abin da na hango shi ne maƙwabciyata Hajiya zaune a falona da jikokinta, na miƙa mata kofi da hannuna ina cewa sha, babu komai a ciki. Da wane ido zan sake kallonta?

Na kira matar, waya a kashe. Kafin azahar ta rufe ni a WhatsApp.

Daga baya na gane ba wani sabon abu ba ne. A Disambar 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba, wadda ake kira Cemetery Market, ta rufe shaguna sama da 240 da aka mayar masana'antar jabu. Shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce kayan da aka lalata sun haura naira miliyan 750. A cikin sunayen da aka samu ana kwaikwaya akwai Four Cousins da Carlo Rossi da Eva, wato dai waɗanda mai ƙaramin ƙarfi ke saya. Mai jabu ya san cewa wanda zai sayi kwalba mai tsada yana tsayawa ya duba, mu kuwa masu sayen katan don taro sauri muke yi. Mai ruwan hoda ya fi daɗin kwaikwaya a wurinsu. Na gaskiyar ana samun launinsa ne idan aka bar ɓawon jan inabi cikin ruwan na 'yan sa'o'i kawai sannan a tace, amma tunda yawancin na araha masu zaƙi ne kuma da sanyi ake shan su, sukari da ƙanƙara sun isa su rufe kowane irin ɗanɗano.

Maganar gwanjon ma ƙarya ce tsagwaronta. Kwastam na da shafinta na gwanjo a intanet, wanda ya ci kuma yana da takarda. Ku ce a nuna muku ita, ku ga yadda hira za ta mutu.

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar masifa. Masu haɗa jabu sukan yi amfani da sifirit na masana'antu mai metanol, wani sinadari mai guba wanda ba a bambanta shi da barasar sha ta wari ko ɗanɗano. A 2015 a Ode-Irele ta jihar Ondo mutane aƙalla 18 suka mutu cikin 'yan kwanaki, aka yi ta cewa baƙuwar cuta ce, ashe giyar gargajiya ce ta ogogoro mai metanol. Muguntarsa ita ce ba ya nuna kansa nan take. Mutum zai sha ya koma gida lafiya, sai bayan rabin yini ko yini guda ciwon kai da amai da ciwon ciki su taso, ido ya fara ganin hazo. Duk wanda ya ga haka bayan taro, a kai shi asibiti a lokacin, a tafi da kwalbar, kada a tsaya ba shi madara ko manja. Mu a Arewa ma mun ga irinta ba da giya ba: a Maris ɗin 2021 a Kano garin haɗa lemo da ɗan tsami da suka lalace sun kwantar da ɗaruruwan mutane, wasu suka rasu.

Ba cewa nake yi sai mai tsada ba. Akwai ruwan inabi mai araha na gaskiya, daga Afirka ta Kudu da Sifen da Chile da Kalifoniya, kuma ya ishi taron gida. Ku saya a babban kanti ko wurin ɗan sari mai shago, wanda zai ba ku rasit kuma za ku same shi a wurin ranar 27 ga wata. Ku fara da kwalba ɗaya, ku buɗe a gida, in ta yi ku koma. Lambar NAFDAC a jiki wajibi ce, amma ita kaɗai ba ta isa ba, nawa ma duk suna da ita, bugawa kawai aka yi. In kuɗin bai kai katan shida ba, a sayi biyu. Mu bara da katan ɗaya daga kanti muka ƙare, da sobo mai abarba da citta cikin manyan kuloli biyu, kuma sobon ne ya fara ƙarewa.

Sauran abu ɗaya. Bayan sabuwar shekara wani yaro ya zo ƙofar gida da buhu yana neman kwalaben wain. Ya ce wadda takardarta ba ta yage ba ta fi kuɗi, in da murfinta da katan ɗinta zai ƙara mini. A nan na gane inda kwalaben katan shidan da na saya suka fito: daga bolar gidajen biki irin namu. Tun daga ranar, kafin in zubar da kwalba sai na kankare takardar da wuƙa, na lotsa murfin da taɓarya.

Matar kuwa ta dawo bana da sabuwar lamba da sabon suna, amma hoton ɗakin nan ne dai mai katan har rufi, labarin mijin da kwastam ma bai canza ba. Na tura wa mai kula da rukuninmu shaidar kuɗin da na biya an cire ta, kwalabe biyu da na ajiye kuma na kai ofishin NAFDAC. In kun gan ta a naku rukunin, ku ɗauki hoton tallan da lambar asusun tukuna, domin da zarar an yi mata tambaya ta biyu take goge komai.