Yam ca ko ca can teng: ina za ka karya kumallo a Hong Kong?

Yam ca na mai lokaci ne. Ma'anarsa shan shayi, amma abincin ne ke tara jama'a: dim sam, wato ƙananan abinci iri-iri, a 'yan kwandunan gora, irin su ha gau mai jatan lande. Iyali kan kewaye teburi ranar Lahadi, hira ta yi ta tafiya. In an zuba maka shayi, ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu, ka gode ke nan. Buta ta ƙare? Ɗaga murfinta ka bar shi a buɗe, za a ƙaro ruwan zafi.

Ca can teng kuwa, wato ƙaramin gidan shayi da abinci, ta masu sauri ce, kuma ta fi araha. Ga shayi mai kauri da madarar gwangwani, ga bo lo bau, burodin abarba da ba abarba a cikinsa. Za a iya zaunar da kai da baƙo, dap toi ke nan. Ka gama, ka ce "mai dan", wato a kawo lissafin kuɗi, ka biya ka tashi.

Ni dai yam ca na zaɓa. Sai dai Musulmi ya yi hattara, siu mai, wani nau'in dim sam, yawanci da naman alade ake yinsa. Akwai dim sam na halal a Masallacin Ammar da ke unguwar Wan Chai.